Mu Je Mu Ga Ayu da Ransa

 Sharhinmu na yau a kan ruwa yake, da halittun da ke cikinsa, da wata tafiya ta yini guda da nake so magidantan unguwarmu su fara sa ta cikin lissafin hutun yara.

Ƙasarmu Kamaru tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 400, tun daga Bakassi a kan iyakar Najeriya har Campo can kudu. Amma tsaya a ƙofar babban masallacin Birik, wato unguwar Briqueterie ta nan Yawunde, bayan an sauko Juma'a, ka tambayi mutane me suka sani game da tekun nan. Ɗan kasuwa zai ce maka tashar jiragen ruwa ta Duwala, inda kwantenarsa ke sauka. Saurayi zai ce maka rairayin Kiribi, inda ake cin gasasshen kifi a ɗauki hoto. Daga nan zance ya ƙare. Ba abin mamaki ba ne. Mu mutanen tudu ne, kakanninmu da ƙafa suka shigo kurmin nan tun zamanin Jamus, fatauci ya kawo su, ba su da wata hulɗa da kwalekwale. Sai dai akwai wata dabba ta ruwa da kowane Bahaushe ya san sunanta tun yana yaro, ko da bai taɓa sa ƙafa a kogi ba. Ayu. Sunansa yana bakin 'yan koli da masu kayan mata, yana rubuce a jikin ƙananan kwalabe, ana tallarsa yanzu har a WhatsApp da Facebook. Wanda ya taɓa ganinsa yana numfashi a cikinmu kuwa, da wuya ka same shi. Alhali ga shi nan a ƙasarmu, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga Yawunde.

Ga yadda tafiyar take. Ana idar da sallar asuba sai a kama hanya, ko dai a bi motocin Duwala da ke lodi a Mvan, ko a haɗa kuɗi a ɗauki shatar mota, wanda shi ya fi in da mata da yara. Hanya ce da kowa ya san halinta, manyan motocin katako da na mai ba sa yankewa a kanta, don haka a zaɓi direba mai haƙuri. A wuce Mbankomo, a wuce Boumnyébel da Pouma, cikin awa uku ko sama da haka a iso Edeya. Nan za ka ga tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka gina a 1911, ga kogin Sanaga yana bi ta ƙarƙashinta. Ku nuna wa yara kogin nan da kyau. Shi ne mafi tsawo a Kamaru, ya haura kilomita 900, kuma tushensa tudun Adamawa ne, inda Djerem da Lom suka taso kafin su haɗe. Ruwan saman da ya sauka a wajen Tibati, inda da yawa daga cikinmu ke da dangi, shi ne wannan da ke gangarawa teku. Daga Edeya a karkata zuwa Dizangué, a ratsa gonakin roba da na kwakwar manja, sai ga tafkin Ossa a gabanka, faɗinsa kimanin hekta 4,000, wata 'yar mashiga ta haɗa shi da Sanaga.

A nan ne aikin ɗan jagora yake farawa. Kai baƙo in aka bar ka kai kaɗai, za ka wuni kana kallon ruwa ka dawo ka ce babu komai a ciki. Masuncin da aka haifa a bakin tafkin, shi karanta ruwan yake yi. In kun yi nisa da gaɓa sai ya kashe inji ya ɗauki filafili, ya ce kowa ya yi shiru, har yara. Ya matsa da kwalekwalen jikin ciyawar bakin ruwa, ya kamo wani kara ya nuna maka inda aka gutsure shi, bakin yankan ɗanye shar, ko bushewa bai fara ba. Ya nuna maka kashin dabbar yana yawo a kan ruwa, cike da ciyawar da ba ta gama narkewa ba. Can kuma sai ya miƙa hannu ba tare da ya ce uffan ba: wasu 'yan kumfa suna tasowa a jere, suna tafiya a hankali. Sai jira. Jiran yana iya yin tsawo, rana tana dukan ka, ƙafa ta yi tsami. In Allah ya sa da rabo, sai ka ji wani huci, fuu, ka waiga ka ga hanci baƙi-baƙi kamar na ɗan maraƙi ya ɓullo, ƙofofinsa biyu sun buɗe sun ja iska sun rufe, ya nutse. Ruwan ya yi 'yan da'irori ya kwanta. Sau da yawa iyakar abin da za ka gani ke nan, wani lokaci ma ko wannan ba za ka samu ba, domin ayu dabba ce mai tsananin kunya, ruwan kuma ba garau yake ba. Duk ɗan jagoran da ya yi maka alkawarin lallai sai ka ga ayu kwance ɓaro-ɓaro, kuɗinka yake so. Na gaskiya zai ce maka mu je mu gwada.

Wannan hancin da ka gani, a ƙarƙashinsa akwai jiki mai tsawon mita uku ko fiye, mai nauyin ɗaruruwan kilo. Ayu ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, dole ya taso ya sha iska, shi ya sa in ya sarƙe a ragar masunta yake mutuwa, ruwa ne ke cinye shi. Ciyawa ce mafi yawan abincinsa. Ba shi da ƙaho, ba shi da dafi, ba ya kai wa kowa hari. Masana halittu sun ce a cikin dabbobin tudu giwa tana cikin danginsa na kusa. Macen takan ɗauki ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tal, ta shayar da shi nono daga ƙarƙashin hammatarta, ya yi ta bin ta har shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta sake ɗaukar wani cikin. Ku riƙe wannan lissafin, domin shi ne gindin maganar. Tarwaɗa tana zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya. Ayu ɗa ɗaya ne a shekaru. In aka kashe mace guda, an yanke zuri'ar da ba za ta dawo da wuri ba.

Irin wannan ayun na Afirka ta Yamma ana samun sa daga Senegal har Angola, a bakin teku da cikin koguna. Yana cikin Kwara har ƙasar Mali, yana cikin Binuwai, yana tafkin Léré a Cadi. Ta nan ne Bahaushe ya san shi, ta hannun Sarkawa da sauran masuntan manyan koguna, waɗanda a da suke farautarsa da mashi, da tsare-tsarensu da al'adunsu. A wancan zamani mutane kaɗan ne, ba ragar roba, ba inji, ba kasuwar intanet. Yau duk akwai su. A 2013, a taron Bangkok, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji suka ɗaga ayun Afirka zuwa rukuni na farko, wato an haramta cinikinsa da na sassan jikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. A nan Kamaru ma doka ta sa shi cikin ajin dabbobin da aka ba cikakkiyar kariya, ba a kashe shi, ba a riƙe naman ko man.

To, iyayenmu mata, da 'yan'uwana maza da ke saye a ɓoye, bari mu yi maganar kwalbar nan a fili. Man ayu da ake sayar muku ɗaya ne cikin biyu. Ko dai jabu ne, wani mai aka zuba aka sa masa suna, an cuce ku. Ko kuwa na gaske ne, wanda ke nufin an kashe dabbar da doka ta hana a taɓa, wataƙila ma uwa ce mai shayarwa, ɗanta ya bi ta ba da jimawa ba. Likitanci bai tabbatar da ko ɗaya daga cikin abubuwan da ake jingina wa man nan ba, ba mallakar miji, ba ƙarin ni'ima. Na san damuwar da ke kai mace ga neman irin wannan, ba kuma raina ta nake yi ba. Zaman aure yana da wuya, kishi yana da zafi. Amma matsalar da ke tsakanin miji da mata magana ce ke warware ta, ko asibiti, ko manyan gida. Wani zai ce ai malamanmu na Malikiyya sun halatta naman duk abin da ke rayuwa a ruwa. Haka ne. Malaman nan dai su ne suka karantar da mu cewa ɓarna a bayan ƙasa haramun ce, kuma halaccin cin abu bai ba ka izinin ƙarar da irinsa daga duniya ba. Masu sayarwa kuma, da yawansu 'yan'uwanmu ne, muna sahu ɗaya da su a masallaci. Alhaji, kasuwa tana da faɗi. Turare da zuma da dabino ba su taɓa kai kowa gaban alƙali ba.

Ayun tafkin Ossa bai tsira da mafarauta kaɗai ba, wata masifar ta zo masa ta inda ba a zata ba. Wajen 2016 zuwa 2017 wata ciyawa mai yawo a kan ruwa, irin yawon kainuwa, ta bayyana a tafkin. Sunanta salbiniya, asalinta daga Brazil. Cikin 'yan shekaru ta rufe kusan rabin tafkin. Ta hana hasken rana shiga, ta danne ciyawar da ayu ke ci, ta toshe wa masunta hanya har kwalekwale ba ya motsi. Duk wanda ya san abin da kacalla ta yi wa fadamar Haɗeja da Nguru ya san irin wannan baƙin ciki. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan lamarin ɗan ƙasar nan ne, Dakta Aristide Takoukam Kamla, wanda ya kafa ƙungiyar AMMCO mai kula da dabbobin ruwa, ya kuma yi karatun digirinsa na uku a kan ayu a Jami'ar Florida ta Amurka. Maganin da suka kawo abin a jinjina ne. Ba guba suka zuba ba. Wani ɗan ƙwaro ne ƙanƙane da ba ya cin komai sai salbiniya, wanda aka riga aka yi amfani da shi a wasu ƙasashe. Suka yi kiwonsa suka sake shi a tafkin, ya yi ta cin ciyawar daga tsironta, ta ragu sosai, ruwa ya buɗe, masunta suka koma aiki, aka sake ganin ayu. A 2024 aka ba shi lambar yabo ta Whitley a Landan saboda wannan aiki. Ƙungiyar tasa ta kuma sa wa masunta wata manhaja a waya mai suna Siren, duk wanda ya ga ayu ko kunkurun teku ko dolfin sai ya ɗauki hoto ya tura, da haka ake sanin inda suke.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne matsayin masuncin. Mutumin da jiya yake ganin ayu a matsayin nama da mai, ko maɓarnacin da ke yaga masa raga, yau shi ne ke riƙe filafili yana nuna wa baƙi hancinsa, ana biyan sa. Ayu ɗaya da aka kashe sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Mai rai kuwa kowane mako yana iya kawo baƙi. Wannan lissafi ba zai tsaya da ƙafarsa ba in Turawa 'yan yawon buɗe ido kaɗai ake jira, masu zuwa jefi-jefi. Sai 'yan ƙasa sun je. Shi ya sa nake cewa in kun je kada ku yi wa ɗan jagora irin tayin da muke yi a kasuwar Mokolo. Mun iya ciniki, kowa ya shaida, amma a nan ragin da ka matsa aka yi maka, daga bakin ayu ka cire shi.

Wanda ke da sauran lokaci da ƙarfi, daga Dizangué hanya tana gangarawa Mouanko, kusa da inda Sanaga ke shiga teku. Yankin yana cikin gandun Duwala-Edeya, wanda aka keɓe tun 1932, aka ɗaga shi zuwa babban gandun ƙasa a 2018, har da wani sashe na teku a ciki. A nan kwalekwale yake shiga cikin kurmin mangurob, itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje sun yi tsaye cikin laka. Za ka ga ƙaguwa tana gudu a gicciye, ka ga wasu 'yan kifaye da ke fita daga ruwa suna tsalle a kan taɓo, ka ga zalɓe da aku da birai a kan rassa. Cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye da jatan lande suke girma kafin su fita teku. Daga nan sai ka iso ƙauyukan masunta irin su Yoyo, hayaƙi ya tare ka tun daga nesa. Mata ne a rumfunan banda, idanu jajur, suna juya bonga a kan waya, wutar kuma da itacen mangurob ake hura ta. Busasshen kifin da ke shiga miyarmu a Birik, wani daga nan yake fitowa. Ba zan ce a daina cin banda ba, abincin talaka ne, sana'ar dubban mata ce. Akwai murhunan banda na zamani da ke cin itace kaɗan, an fara gina su a yankin, kuma manyan dilolin kifi na Yawunde suna da bakin da za su tambayi masu kawo musu kaya da wane irin murhu aka yi.

Kiribi kuwa ba tafiyar yini ɗaya ba ce in ana so a more ta, sai da kwana. Kowa ya san inda kogin Lobé ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ana shiga kwalekwale a matsa kusa har feshin ruwan ya jiƙa ka. Amma ku ƙara gaba kimanin kilomita 50 a kan hanyar Campo, ku isa Ebodjé, ƙauyen mutanen Iyasa. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku mata suke fitowa da dare, su haƙa rami a rairayi da ƙafafun baya, su zuba ƙwai kusan ɗari, su rufe, su koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su rarrafa zuwa ruwa. Zafin rairayin ne ke yanke ko maza za su fi yawa ko mata. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna gadin ƙwan nan, kuma sun saba da tsarin da baƙo zai biya masunci diyya a saki kunkurun da ya faɗa raga. A 2021 gwamnati ta ayyana tekun da ke gabansu a matsayin gandun Manyange na Elombo-Campo, na farko a Kamaru da yake na teku zalla. Tsakanin Yuli da Oktoba manyan dabbobin nan da ake kira balen da Faransanci suna zuwa wannan yanki na mashigin Gini don haihuwa. Akwai kuma wani dolfin mai ɗan tozo a baya, wanda a gaɓar Kamaru masana suka fara bayyana shi a 1892, yau yana cikin dabbobin da suka fi kusa da ƙarewa. Duk wannan yana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kiribi da ta fara aiki a 2018, da bakin bututun man Cadi da ke ƙarewa a tekun tun 2003.

Kada wani ya ce mu da ke kan tudun Yawunde ba ruwanmu. Ledar da aka yar a kwata bayan an ci soya a Birik, ruwan sama yana kwashe ta zuwa Mfoundi, Mfoundi ya kai wa Mefou, Mefou ya kai wa Nyong, Nyong kuma a teku yake ƙarewa, arewa da Kiribi. Babban kunkurun teku mai laushin baya abincinsa wata halitta ce mai yauƙi, fara, mai yawo cikin ruwa, kuma ba ya bambanta ta da leda. Ya haɗiye, hanjinsa ya toshe. Tun 2014 aka hana siraran ledoji a ƙasar nan, ku duba kwatocin unguwarmu ku gaya mini ko dokar ta iso.

Saura maganar tsaro, kuma ba ta wasa ba ce, domin yawancinmu ba mu iya iyo ba. Kada kowa ya sa ƙafa a kwalekwale ba rigar kariya a jikinsa, babba da yaro, kuma a ɗaure ta, ba a rataya a kafaɗa ba. In mai jirgi ya ce babu, a fasa. In ya ce mutum takwas jirgin ke ɗauka, kada a roƙe shi ya ƙara na tara. Hajiya, a tattare mayafi da zani sosai kada su kusanci inji. Ba a tsayawa tsaye don ɗaukar hoto, ba a jefa wa dabba abinci, ba a bin ta da jirgi in ta juya baya. A sanar da ofishin jami'an gandun daji na wurin kafin a shiga ruwa, su ne ke da izini, su ne kuma suka san jagororin da aka yarda da su. A ɗauki ruwan sha da guzuri daga gida, a dawo da kowace leda da kowace roba cikin jaka. Sallah ba matsala, matafiya ne ku, ga ruwan alwala iya ganinka.

Lokacin da ya fi dacewa da iyali shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke a gaɓar teku, hanyoyin ƙasa suka bushe, kuma ya zo daidai da hutun ƙarshen shekara. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa a yankin Duwala, a bar wa masu ƙarfin hali. Shugabannin makarantun Islamiyya da na boko a Briqueterie da Cité Verte, da ƙungiyoyin matasa, da iyayenmu mata masu adashi, mota ɗaya mai kujera talatin ta ishi aji guda da malamansu. A fara tara kuɗin tun yanzu, a tura mutum biyu su je Dizangué su ga wurin, su yi magana da jami'ai da masu jirgi, su ƙirga rigunan kariya da idonsu kafin a sa ranar tafiya.